Ɗan Abin da Ya Rage a Hannunka

Ɗana, mahaifiyarka ta ce mini kwana biyun nan ba ka samun barci. Ta ce kana ci, kana sha, kana fita masallaci, amma fuskar ba ita ba ce. Labarin zuciya kuwa a tambayi fuska. Ta tambaye ka, ka ce mata babu komai. Na yarda ba ƙarya ka yi mata ba. Akwai damuwar da mai ita ma bai san daga ina ta fito ba. Ba bashi ba ne, ba ciwo ba ne, ba wani ne ya ɓata maka rai ba. Kawai dai ka farka tsakar dare, sai zuciya ta tsare ka da tambaya. Duk wannan faɗi-tashin na mene ne? Ina aka dosa? In ta Allah ta kasance gobe, me zan ce na yi?

Kada ka ji kunyar wannan. Kada kuma ka yi saurin cewa sammu aka yi maka, ko imaninka ne ya yi rauni. Mai hankali ne ke samun irin wannan daren.

Akwai wasu likitocin ƙwaƙwalwa da masana a Turai da Amurka da suka ƙarar da rayuwarsu kan wannan tambayar. Reshe ne na ilimin halayyar ɗan Adam. Sauran rassan sukan tambayi abin da ya faru da mutum yana yaro, ko wace ɗabi'a ya koya da za a kankare masa. Su waɗannan suka ce, ban da duk wannan, akwai nauyin da ke kan mutum don kawai shi mutum ne. Wani likita a Jami'ar Stanford ta Amurka, Irvin Yalom, ya tattara maganar a littafin da ya fitar a 1980. Ya ce abu huɗu ne ba wanda ya tsira daga gare su. Mutum ya san zai mutu. Dole ya yi zaɓi, ya kuma ɗauki alhakinsa. Komai yawan masoyansa, akwai inda shi kaɗai ne. Sannan zuciyarsa ba ta natsuwa sai ta san amfanin zamanta a duniya.

Tun da wuri in gaya maka, ba bakinsu ɗaya ba kan addini. Cikinsu akwai Kirista mai riƙo da addininsa, akwai Bayahude, akwai wanda bai yarda da Allah ba sam. Ba aƙida na aike ka ka ɗebo a wurinsu ba, kana da taka. Amma sun zauna da dubban masu damuwa, sun saurara da kyau. Ka tsinci tsabar, ka bar musu ƙaiƙayin.

Kakan tafiyar wani mutumin ƙasar Denmak ne, Søren Kierkegaard, wanda ya rayu daga 1813 zuwa 1855. A 1844 ya yi littafi sukutum kan fargaba. Ya raba ta da tsoro. Tsoro yana da abin tsoro, ko kare, ko ɓarawo, ko gobara. In abin ya wuce, tsoron ya wuce. Ita fargaba ba ta da abin nunawa. Ya kwatanta ta da jirin da ke ɗibar wanda ya leƙa rami mai zurfi. Ba zurfin kaɗai ke sa jirin ba. Har da sanin cewa ƙafar tasa ce, shi ke da ikon ɗaga ta ko ajiye ta.

Ka duba da kyau, za ka ga nan ne gizo ke saƙa. Yanzu kana gaɓar da hanyoyi suka rabu. Ka ci gaba da jiran aikin gwamnati, ko ka kama sana'a. Ka zauna kusa da iyaye, ko ka tafi nema. Ka yi aure yanzu, ko ka dakata. Taura biyu ba ta taunuwa. Duk wadda ka ɗauka, ka saki 'yar'uwarta, kuma mai yiwuwa ba za ta dawo ba. Wannan sakin shi ke da ciwo. Shi ya sa mutane da yawa ke gudun zaɓi, har su manta cewa gudu suke yi.

Wani yakan miƙa wa wasu ragamar. Abin da abokai suka yi shi zai yi, abin da ake yayi shi zai bi. Wani yakan ce sai gobe, sai bayan salla, sai an ga yadda ƙasa ta kasance. In ka matsa masa ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Karin maganar gaskiya ce a wurin biki. A rayuwa kuwa, ƙin tashin ma rawa ce, don makaɗi ba ya jiran kowa. Wanda ya ƙi zaɓa, kwanaki za su zaɓa masa, kuma ba sa neman shawararsa.

Na ga ƙarshen irin wannan sau da yawa, ɗana, kuma ba daɗi. Mutum ya kai hamsin, bakinsa cike da sunayen waɗanda suka cuce shi. Babansa ne ya hana shi karatun da yake so. Matarsa ce ta ɗaure masa ƙafa. Wansa ne bai taimake shi ba. Wani lokacin ma duk gaskiya ne. Amma ka saurare shi awa guda, ba za ka ji ya ce "ni na yi" ko sau ɗaya ba. Irin wannan mutumin ba mugu ba ne. Sai dai zama da shi da wuya, don kullum yana bin duniya bashi, iyalinsa ne kuma ke biya. Wani Bafaranshe, Jean-Paul Sartre, ya kira wannan halin yaudarar kai, wato mutum ya nuna ba shi da zaɓi alhali yana da shi.

Shi Sartre, a ganina, ya zarce. Ya ɗora wa mutum komai, har ka ce babu yunwa, babu iyaye, babu gwamnatin da ke rufe ƙofa. Mai neman abin da zai sa a baki yau ba daidai yake da ɗan mai kuɗi wajen zaɓi ba, kowa ya san haka. Mu kuma nan ba ma yanke shawara mu kaɗai. Akwai iyaye, akwai dangi, kuma albarkarsu ba abin wasa ba ce. Amma ko biyayya ce, akwai bambanci tsakanin wanda ya ce "na zaɓi in bi maganar mahaifina" da wanda ya ce "an tilasta mini". Aikinsu iri ɗaya ne a ido. Na farko zai kwana lafiya. Na biyu zai riƙe abin a ciki shekara talatin.

Na san abin da ke bakinka. Za ka ce, Kawu, ina ƙaddara? Tana nan daram, ba wanda ya taɓa ta. Su ma masanan nan sun ga gefenta da nasu idon. Wani Bajamushe, Martin Heidegger, ya ce a littafinsa na 1927 kowa jefo shi aka yi duniya. Ba ka zaɓi iyayenka ba, ba ka zaɓi garinku ba, ba ka zaɓi zamaninka ko lafiyar jikinka ba. Abin kamar gonar gado ne. Wani ya gaji fadama, wani ya gaji jigawa, ba a tambayi kowa ba. Mai jigawa ba zai noma shinkafa ba, komai sonsa. Amma ko ya shuka gero ko ya bar ta ta cika da ƙaya, wannan kam hannunsa ne. Ruwan sama na Allah ne, sharar gona taka ce. Abin da nake jiye maka shi ne ka kira ƙaddara tun kafin ka ɗauki fartanya. Malamanmu ba su koya mana haka ba. Ana faɗin ta ne bayan an yi iya yi, don zuciya ta huta.

Fargabar kuma ba abokiyar gaba ba ce a kullum. Wani Ba'amurke, Rollo May, ya kamu da tarin fuka tun ba a samu maganinsa sosai ba. Ya daɗe kwance a asibitin masu wannan ciwo, bai san ko zai tashi ba. A nan ya duƙufa karatun abin da aka rubuta kan fargaba, ya fitar da nasa littafin a 1950. Ya ce iri biyu ce. Akwai ta lafiya, wadda ta yi daidai da abin da ke gabanka. Ita ce ke hana ka barci daren jarrabawa, ko ranar da za a kai kuɗin aurenka. Tana gaya maka ne abin yana da muhimmanci a wurinka. Akwai kuma wadda ta zama ciwo, kuma sau da yawa daga gudun ta farko take tasowa. Ka ƙi zuwa neman aikin don kada a ce a'a. Ka ji sauƙi ranar. Gobe ka ƙi zuwa ɗaurin auren abokinka don kada a tambaye ka me kake yi yanzu. Ka sake jin sauƙi. A hankali duniyarka na tsukewa, har ta koma ɗaki da waya. Fargabar kuwa ba ta tafi ba, ta biyo ka ɗakin.

Yanzu bari in ba ka labarin wanda na fi so a cikinsu, don shi ba a kan kujera kaɗai ya koyi abin ba.

Sunansa Viktor Frankl. An haife shi a 1905 a Biyenna, babban birnin Ostiriya. Likitan ƙwaƙwalwa ne, kuma Bayahude, a zamanin da 'yan Nazi na Hitler suka mamaye ƙasar. A 1941 ya samu bizar tafiya Amurka. Da ya tafi da ya tsira. Amma bizar ba ta haɗa da iyayensa ba, ga su sun tsufa. Ya bar ta ta mutu, ya zauna da su. A 1942 aka kwashe su, shi da amaryarsa da iyayensa, zuwa sansanin Theresienstadt. Mahaifinsa ya rasu a can. A 1944 aka tura shi Auschwitz. Yana da rubutun wani littafi da ya daɗe yana wahala a kansa, an ɗinke masa shi cikin shafin kwat ɗinsa. Ranar da ya isa aka ƙwace rigar, rubutun ya tafi. Bayan 'yan kwanaki aka wuce da shi wasu sansanonin aikin bauta a kudancin Jamus. A can zazzaɓin da kwarkwata ke yaɗawa ya kama shi. Yana cikin zazzaɓin yana tsintar guntayen takardu, yana sake rubuta abin da ya tuna na littafin. Sojojin Amurka suka 'yantar da su a watan Afrilun 1945. Da ya koma gida ya tarar babu mahaifiyarsa, babu ɗan'uwansa, babu matarsa.

A 1946 ya fitar da ɗan littafin da duniya ta sani yanzu da suna Man's Search for Meaning. An sayar da miliyoyinsa. Abin da ya gani a sansanin shi ne, ana iya raba mutum da komai, har sunansa a mayar da shi lamba. Amma akwai ɗan abin da ke ragewa a hannunsa, wato yadda zai tari abin da ya same shi. Ya ga waɗanda yunwa ta mayar da su azzalumai. Ya kuma ga 'yan kaɗan da ke bi ɗaki-ɗaki suna lallashin mutane, suna ba da ɗan guntun burodinsu na ƙarshe. Yunwar iri ɗaya ce.

Ya ba da labarin mutum biyu da suka yanke ƙauna, suka ce ba sauran abin da suke jira daga rayuwa. Bai yi musu wa'azin cewa gobe za ta yi kyau ba, don bai sani ba. Sai ya juya musu tambayar. Ya sa suka duba ko akwai abin da ke jiran su. Ɗaya yana da ɗa a wata ƙasa, yana jiran uba. Ɗayan masanin kimiyya ne, yana da jerin littattafan da bai kammala ba, kuma ba mai kammala su sai shi. Wannan juyin shi ne zuciyar koyarwarsa. Kai kana tambayar rayuwa me za ta ba ka. Shi ya ce ita ce ke tambayar ka, kullum, kuma da aiki ake ba ta amsa.

A nan sai ka yi hattara. Wasu sukan karanta labarin su ce ashe duk wanda ya mutu a can ƙarfin zuciya ne bai da shi. Wannan zalunci ne ga matattu. Miliyoyi aka kashe, masu imani da masu buri da jarirai, ba wanda ya tambayi halin zuciyarsu. Frankl da kansa ya ce mafi alherinsu ba su dawo ba. Bai kuma ce wahala abar nema ba ce. Ya ce in ana iya kawar da ita, to kawar da itan shi ne daidai. Haƙuri maganin zaman duniya ne, gaskiya. Amma wanda ƙaya ta soke shi ya ƙi cirewa, wannan ba haƙuri yake yi ba.

Hanya uku ya nuna da mutum ke samun ma'anar zamansa. Ta aikin da ya yi da hannunsa ko kansa. Ta ƙaunar wani, ko jin daɗin wani abu mai kyau da ya tarar a duniya. In waɗannan biyun sun toshe, ga ciwon da ba ya warkewa ko rashin da ba ya dawowa, sai ta uku, wato yadda ya ɗauki kayan. Ka lura dukkansu waje suke kallo. Ba wadda ta ce ka shige ɗaki ka yi ta tonon zuciyarka. Ya ce ma farin ciki ba a farautar sa. Yakan biyo bayan mutum ne sa'ad da ya shagala da abin da ya fi shi.

Ga wanda ya fi kusa da halin da kake ciki. A shekarun 1930, lokacin da tattalin arziƙin duniya ya karye, matasa marasa aiki sun cika Biyenna. Frankl ya duba da yawa daga cikinsu. Ya ga ba rashin kuɗin kaɗai ke cin su ba. Sun yi wani lissafi ne a zuci. Ba ni da aiki, saboda haka ba ni da amfani, saboda haka zamana banza ne. Sai ya riƙa lallaɓa su su yi aikin sa-kai a ɗakunan karatu, da ajin yaƙi da jahilci, da ƙungiyoyin matasa. Ya ce damuwar ta sake su, alhali aljihun bai canza ba, yunwar ma tana nan. Ban ce aikin sa-kai zai biya maka kuɗin haya ba. Ban kuma wanke waɗanda ya kamata su samar da aikin ba. Amma zaman kashe wando yana kashe abin da ya fi wando. Wanda ya shekara biyu ba wanda ke jiran sa da safe, ko aikin ya zo sai ya same shi ya riga ya lanƙwashe.

Maganar mutuwa kuwa, mu nan mun fi mutanen Turai da Amurka sabawa da ita. A can sau da yawa a asibiti ake mutuwa, a bayan labule. Mu muna wanke namu da hannunmu, mu ɗauke su a kafaɗa. Muna cewa mutuwa rigar kowa. Sai dai faɗa daban, yarda daban. Je ka zaman makoki ka gani, ana hirar siyasa, ana latsa waya, kowa na ganin rigar ta maƙwabci ce. A shekarun 1970 Yalom ya riƙa zama da rukunin masu ciwon dajin da ya riga ya bazu a jiki. Ya ga abin da bai zata ba. Da yawansu sai a lokacin suka fara rayuwa sosai. Suka daina abin da ba sa so don ganin ido. Suka faɗa wa nasu maganar da suka daɗe suna riƙewa. Ƙananan ɓacin rai suka zube. Baƙin cikinsu shi ne ba su gane haka suna da lafiya ba. Ya kuma lura da wani abu. Wanda ya fi firgita da mutuwa, sau da yawa, shi ne wanda yake jin bai rayu ba tukuna. Don haka in tunanin ya zo maka da dare, kada ka kore shi da waya. Tambaye shi me ya zo tuna maka. Wataƙila gaisuwar da ka yanke ce. Wataƙila aikin da kake ta ɗagawa.

Kaɗaici ba zan daɗe a kansa ba. A gidan yawa ka tashi, amma ka san ana iya kaɗaici a tsakiyar taron suna. Ciwon kanka kai ke jin sa, ko mahaifiyarka sai dai ta ce sannu. Abin da kawai zan roƙe ka, kada ka auri 'yar mutane don ta cike maka wannan gurbin. Ba za ta iya ba, ba kuma laifinta ba ne. Za ka ɗora mata abin da ba ɗan Adam ɗin da ke iya ɗauka, sannan ka ji haushinta. Wanda ya iya zama da kansa shi ya fi daɗin zama da mutane.

Abu ɗaya kuma, ka riƙe shi da kyau. Ba kowace damuwa ce tambayar rayuwa ba. Wata ciwo ce, tana da magani. In ka ga mako biyu ko fiye abinci ya fita ranka, abin da ke ba ka daɗi da ya daina, jiki ya mutu, ko zuciya ta fara raya maka gara ma ba ka duniyar, to kada ka tsaya karatun masana. Faɗa wa wani babba a ranar, a kai ka wurin likita. Ba hauka ba ne, ba abin kunya ba ne. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Shi kansa Frankl likita ne, yana ba da magani inda ya ga na magani ne.

Ka san yadda ya ƙare? Ya zauna a garin da aka kore shi. Ya shugabanci sashen jijiyoyi na wani asibitin Biyenna kusan shekara 25. Ya sake aure a 1947, ya samu 'ya mace. Yana hawan duwatsu har tsufansa. Yana da shekara 67 ya shiga koyon tuƙin jirgin sama. Ya rasu a 1997, yana da shekara 92.

Ni dai ban ce ka je ka tuƙa jirgi ba, kada mahaifiyarka ta ce na zuga ka. Amma yaran layinku da ke shirin jarrabawar fita sakandare ba su da mai nuna musu lissafi, kai kuwa ka iya. Akwai tabarma a zauren gidana, akwai allo. Bayan la'asar babu kowa a wurin. In ka shirya ka aiko a karɓar maka mabuɗi. Ka gaishe mini da mutanen gidan.